Raddi a kan maganar cewa a Amurka duk shanu a killace suke

Duk sanda aka wayi gari da labarin rikicin manoma da makiyaya, akwai wata magana da ba ta rasa mai faɗinta, a rediyo ne ko a zauren majalisa ko a bakin mai shayi: "A ƙasashen da suka ci gaba wa ya taɓa ganin ana yawo da shanu? Ku dubi Amurka, kowa ya sayi filinsa ya kewaye da waya ya zuba dabbobinsa. Mu ma a hana kiwon sake, kowa ya nemi gandunsa." Maganar ta ƙara ƙarfi bayan dokar da Jihar Binuwai ta fara aiki da ita ranar 1 ga Nuwamba, 2017, da kuma taron da gwamnonin Kudu suka yi a Asaba a watan Mayun 2021, inda suka amince a hana kiwon sake a jihohinsu.

Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin yawancinsu ciwo ne ya sa su magana. Na taɓa tsayawa a gefen gonar wani dattijo a garinmu da sassafe, dawarsa ta yi kai, saura kwanaki a yanke, aka kwana aka tashi garke ya bi ta ciki. Yana tafe yana tsintar zangarniyar da aka tattake yana zubawa a gaban rigarsa, bai ce wa kowa komai ba. Wanda ya ga irin wannan ba zai raina kukan manomi ba. Saɓanina da su a wuri ɗaya ne: misalin da suke kafa hujja da shi ba haka yake ba. Amurkar da ake faɗa tana da filayen gwamnati masu ɗimbin yawa waɗanda ake kora shanu da tumaki cikinsu kowace shekara, da izini a rubuce, kuma wannan tsari ya kai shekara 90 yana aiki.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta mallaki kusan eka miliyan 640, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na faɗin ƙasar, kuma mafi yawansa a jihohin yamma yake da Alaska. A Jihar Nebada, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar jihar na tarayya ne. Hukuma ɗaya kawai, mai kula da filayen gwamnati, wadda ake taƙaita sunanta da BLM, tana riƙe da eka miliyan 245, fili da ya ɗan fi Najeriya gaba ɗaya girma. A cikinsa ana kiwo a kan eka kusan miliyan 155, kimanin hekta miliyan 63, wato kashi biyu bisa uku na faɗin Najeriya. An yanka wannan fili gida-gida fiye da 21,000, an kuma ba da takardun izinin kiwo kusan 18,000. Ban sa gandun dajin da ke hannun hukumar gandun daji ta ƙasar a lissafi ba, ita ma tana ba da nata izinin. Mai shanu bai sayi ko taƙi ɗaya a cikin waɗannan filaye ba. Na jama'a ne, mafarauci yana shiga, mai yawon buɗe ido yana shiga, saniya tana shiga a lokacin da aka yanka mata.

Yadda suka iso nan ya fi komai amfani gare mu, domin hanyar da suka biyo cike take da abin da muka sani. Bayan yaƙin basasarsu, yammacin ƙasar ya zama na mai rabo ka ɗauka, bayan an ture ƙabilun asali daga ƙasarsu da ƙarfin bindiga. Kowa ya kora iya abin da ya samu, domin wanda ya rage garkensa maƙwabcinsa ne zai cinye ciyawar. Aka cika daji da shanu fiye da abin da zai ɗauka, har hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo ya tarar da dabbobi a rame, suka mutu birjik. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ita ma ba ta kawo zaman lafiya ba da farko. Masu kuɗi suka riƙa kewaye filin gwamnati da mashayar da kowa ke amfani da ita, ƙananan makiyaya suna bi da dare suna yankewa, har sai da majalisa ta yi doka a 1885 ta haramta kewaye filin jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A Afrilun 1892 manyan masu shanu na Jihar Wayomin suka ɗauko 'yan bindiga haya daga Tekzas suka shiga gundumar Johnson don kashe ƙananan masu kiwo da suke zargi da sata. Masu shanu da masu tumaki sun shafe shekaru suna zubar da jinin juna a kan ciyawa da ruwa. Duk wanda ya karanta wannan tarihi zai ga kamar labarin wani ƙauyenmu ake ba shi.

Abin da ya kawo sauyi shi ne fari da guguwar ƙurar da suka afka wa ƙasar a shekarun 1930. Ranar 28 ga Yuni, 1934, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar kiwo da ake kira da sunan Edward Taylor, ɗan majalisa daga Kolorado. Dokar ba ta ce a kwashe shanu daga daji ba. Ta tsayar da rabon filin gwamnati ga masu neman mallaka, ta yanka shi gundumomin kiwo, ta ce daga yau babu mai shiga sai da takarda. Tun 1906 hukumar gandun daji ta riga ta fara karɓar kuɗin kiwo a nata ɓangaren. A 1946 aka haɗe ofisoshi biyu aka kafa BLM, a 1976 kuma wata doka ta tabbatar da cewa waɗannan filaye za su ci gaba da zama a hannun gwamnati.

Bari mu buɗe takardar izinin mu ga abin da ke ciki, domin a nan ne darasin yake. Akwai sunan mai kiwo, da sunan yankin da aka ba shi da iyakokinsa a taswira. Akwai irin dabbar, shanu ne ko tumaki ko dawaki, da adadinsu. Akwai ranar shiga da ranar fita. Ma'aunin da suke lissafi da shi shi ne abin da saniya ɗaya da ɗan maraƙinta za su ci a wata guda, kuma tumaki ko awaki biyar suna daidai da saniya ɗaya. Jami'in hukuma yakan fita ya duba ciyawa da bakin rafi, in ya ga an ci fiye da ƙima ko shekara ta zo da fari, sai a rage adadi ko a ce a fita da wuri. Wa'adin takardar yawanci shekara 10 ne, kuma wanda ya kiyaye sharuɗɗa shi ke da fifiko wajen sabuntawa. Wanda ya zuba dabba fiye da abin da aka rubuta, ko ya wuce rana, ana cin sa tara, ana iya kama dabbobin, ana iya soke izinin. Dokar Taylor ta kuma faɗa ƙarara cewa wannan takarda ba ta mayar da fili mallakar kowa. Ga kuma tambarin da ake yi wa kowace saniya a jiki, wanda jiha ke yi wa rajista, ta yadda a jihohin yamma da dama ba a sayar da dabba ko a tsallaka da ita wata jiha sai mai duba tambari ya gani ya ba da takarda. Ɓarawon shanu ba ya jin daɗin irin wannan kasuwa.

Kuɗin da ake biya ba shi da yawa. Wata doka ta 1978 ce ta tsara yadda ake lissafa shi, sannan a 1986 Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarni kada ya sauka ƙasa da dala 1.35 a kan saniya da maraƙinta a wata. A 2024 ma wannan farashin aka biya, alhali mai hayar fili a hannun ɗan kasuwa a waɗannan jihohi yana biyan sama da dala 20. Rabin abin da aka tara yana komawa dajin, a haƙa rijiya, a gina kwamin shayarwa, a gyara shinge. A taƙaice, ƙasar da ake ce mana kowa tashi ya fisshe shi, gwamnatinta tana tallafa wa makiyayanta da ciyawa mai arha.

Kuma har yau ana tafiya da garke a ƙafa. A Wayomin akwai wata hanyar shanu a kwarin Kogin Green, wadda ake bi tun 1896. Da bazara masu kiwo a kan dawakai suna kora shanu daga filayen ƙasa zuwa makiyayar kan duwatsu a gandun dajin Bridger-Teton, tafiyar sama da kilomita 90, in sanyi ya fara shigowa shanun su gangaro. A 2013 gwamnati ta sa wannan hanya a kundin wuraren tarihi na ƙasa. A Jihar Aidaho ana bi da garken tumaki ta tsakiyar garin Ketchum kowace Oktoba, jama'a na tsaye suna kallo. Mu da muka san burtali da labi, muka san tafiyar rani da komowar damina, ba ma bukatar a yi mana fassarar wannan. A Turai ma, Sifaniya ta yi doka a 1995 ta kare burtalolinta masu tsawon kusan kilomita 125,000 a matsayin dukiyar jama'a.

Adalci ya sa in faɗi inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya, kuma ba kaɗan ba ce. Mafi yawan shanun Amurka a filin masu su suke, kuma yawancin naman da ake ci a ƙasar daga manyan turakun kiwata dabbobi yake fitowa, a Tekzas da Nebraska da Kansas, inda ake ɗura musu masara. Abin da filin gwamnati ke ciyarwa ɗan kaso ne ƙarami in an haɗa ƙasar duka, ko da yake a jihohin yamma rayuwar dubban iyalai ta rataya a kansa. Na biyu, ƙasar ba ɗaya ba ce. Wayomin ta ninka Jihar Kano sau 12 a faɗi, mutanenta kuwa ba su kai 600,000 ba. A can saniya tana iya yini tana tafiya ba ta ga gona ba, shi ya sa ma a wasu jihohin dokar ta ɗora wa mai gona nauyin kewaye gonarsa in ba ya son dabba ta shiga. Babu mai hankalin da zai ce a kawo wannan ƙa'ida ƙasar da gona ke haɗe da gona daga Ɗambatta har Kazaure. Na uku, tsarin nasu bai rabu da rigima ba. Masu kare muhalli suna kukan cewa shanu na lalata bakin rafuka, kuma kuɗin da ake karɓa ba ya biyan ko ɗawainiyar hukumar. A ɗaya gefen, wani mai kiwo a Nebada, Cliven Bundy, ya daina biyan kuɗin kiwo tun 1993, da hukuma ta zo kama shanunsa a 2014 sai magoya bayansa suka fito da bindigogi har jami'ai suka janye. Duk da haka, a wannan taƙaddama tasu ana jayayya ne a kan nawa za a biya, dabba nawa za ta shiga, wa ke da iko da filin. Ana da takarda da taswira da kotun da za a kai ƙara.

Akwai kuma wani aibi a dokar Taylor da ba na son mu ɗauko. Ta ba da fifiko ga wanda ya mallaki fili ko ruwa a kusa da makiyayar, wanda zai riƙe dabbobinsa a lokacin da ba sa dajin gwamnati. Wannan sharaɗi ya yi wa masu gidajen gona daɗi, ya kuma kori makiyayan tumaki masu yawo waɗanda ba su da ko taƙi, da yawansu baƙi 'yan ƙabilar Bask da suka zo daga iyakar Sifaniya da Faransa. Kwamitocin da aka kafa don ba da shawara a kan rabon izini ma masu ƙarfi ne suka cika su. In aka kwafo wannan a Najeriya yadda yake, Bafulatanin da kakanninsa suka yi kiwo a daji ɗaya shekara 100 ba tare da takardar mallaka ba shi zai tashi a tutar babu, tsohon babban ma'aikaci mai gidan gona ya karɓi izinin. A nan tarihinmu ya fi nasu hasken hanya. Malamai sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a matsayin hurumi, ya umurci wanda ya wakilta a kanta da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garken manyan attajirai, domin su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Keɓe fili da tsara mai shiga ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma an san wanda ya kamata a fara dubawa.

To me muke da shi a gida? Muna da doka, mun bar ta ta mutu. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Alƙaluman da hukumomi suka sha ambatawa sun ce akwai makiyaya 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka kammala sa su a gazet ba su kai rabi ba, kuma ko waɗanda aka sa ɗin an bar gona da gini da masu hannu da shuni sun cinye da yawansu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 5,000 don kiwo, sai dai makiyayi nawa ne suka taɓa riƙe irin wannan takarda? Burtalin da na sani ina yaro, wanda garke biyu ke giftawa ba su gogi juna ba, yau da ƙyar amalanke ke bi, kowane mai gona ya ɗan matso da kunya ɗaya, shekara bayan shekara, ba wanda ya ce uffan. Jangali kuwa, kafin a soke shi a shekarun 1970, ƙirga shanu ake yi a karɓi kuɗi, ba a ba mai shanu haƙƙin ko ɗan fili a madadinsa, shi ya sa har yau makiyayi in ya ga mai biro da takarda yana tambayar yawan garke sai gabansa ya faɗi. Dokar Binuwai ita ma ta tanadi izinin kafa gandun kiwo, amma na shekara ɗaya ne, a sabunta in hukuma ta ga dama. Wa zai haƙa rijiyar burtsatse ya shuka ciyawa a kan izinin wata 12? A Amurkar da aka ce ana koyi da ita shekara 10 ake bayarwa, a filin gwamnati, da farashi mai rahusa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Jamhuriyar Nijar ta shata iyakar arewa da noma ba ya wucewa tun 1961, ta kafa kundin dokokin karkara a 1993 da kwamitocin filaye har matakin ƙauye, sannan a 2010 ta yi dokar kiwo da ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Wanda ya bi wasu hanyoyin Maraɗi da Damagaram zai ga turakun siminti da aka kafa a gefen burtali, kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan an kwashe amfani. Ba a rasa rikici a can, kuma ba ko'ina dokar ke aiki yadda aka rubuta ba, amma in rigima ta tashi akwai turken da za a nuna.

Wannan raddi ba ga manoma da gwamnoni kaɗai yake ba. 'Yan'uwa makiyaya da shugabannin ƙungiyoyinsu, masu cewa daji na Allah ne, kowa ya shiga inda ya ga dama, su ma misalin Amurka bai goyi bayansu ba. Dajin da ba shi da ƙa'ida shi ne ya kashe wa Amurkawa shanu a 1887, ya haddasa kashe-kashen 1892. Mai son a kare masa makiyaya dole ya yarda a ƙirga garkensa, a yi wa dabbarsa alama, a yanka masa rana, ya biya abin da aka tsayar, kuma in yaronsa ya yi ɓarna a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Bai kamata a ƙara ganin ɗan shekara 10 shi kaɗai da sanda a bayan shanu 80 a tsakiyar gonaki ba. Kuma wanda yake da hali ya kafa gandunsa ya killace, Allah ya ba da sa'a, babu mai hana shi, a kusa da manyan birane ma shi ya fi dacewa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ce da mai shanu 30, wanda ba shi da fili ba shi da jari, ya yi abin da attajiran Amurka kansu ba sa yi sai da filin gwamnati.

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 ake ta maganar zamanantar da kiwo. Roƙona gare ta, da gwamnonin Arewa waɗanda doka ta danƙa wa amanar ƙasa, da majalisun jihohi, da sarakuna da arɗaɗai, shi ne a fara da abin da ya rage a hannu kafin shi ma ya tafi. A auna makiyayar da ba a riga an cinye ba a sa ta a gazet, a kafa turaku a burtali da mashaya, a ba makiyayi izini mai dogon wa'adi da sunansa da adadin dabbobinsa, a fara da ƙananan masu kiwo da suka daɗe a wurin, a zaunar da manomi da makiyayi a kwamitin da zai sa ranar shiga da fita, kuɗin da aka tara kuma a gan shi a rijiya da allurar dabbobi. Kai kuma mai karatu, in aka sake cewa a gabanka a yi yadda Amurka ta yi, ka amsa da to, sannan ka tambayi mai maganar hekta nawa jiharsa ta ware.